Clint Dempsey: jami'a ce ta gina shi ko ita ta cinye masa shekaru?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana da nake son mu warware. Ni a ganina Clint Dempsey ne ɗan ƙwallon da ya fi kowa a tarihin Amurka, kuma da bai tsaya ɓata shekaru uku a jami'a ba, da a Man United ko Arsenal za mu san shi, ba Fulham ba. An haife shi a 1983, bai taka Ingila ba sai Janairun 2007. Mutum yana dab da shekara 24 sannan ya fara Firimiya. A shekarun nan Rooney ya riga ya ɗaga kofin Zakarun Turai. To ku faɗa min, karatun nan ya taimake shi ko ya cuce shi?

Sarkin_Gardama:
Wa'alaikumussalam. Tun daga layin farko ka kauce hanya. Wa ya gaya maka ya fi kowa? Ina ka ajiye Landon Donovan? Ina ka ajiye Pulisic da ya ci Kofin Zakarun Turai da Chelsea a 2021?

Ɗan_Fagge:
Za mu zo kan Donovan, kada ka karkatar min da zance tun ba a fara ba.

Malam_Tamaula:
Ɗan Fagge, tambayarka mai kyau ce, amma ka ɗora ta a kan zaton cewa yaron yana da wata hanya ya ƙi bi. Ka duba inda ya fito. Nacogdoches ƙaramin gari ne a gabashin jihar Teksas, iyayensa ba masu hali ba ne, kuma ƙwallon da ya fara bugawa da 'yan ci-rani na Meziko ya buga ta, da yawansu sun girme shi nesa ba kusa ba. Da ya samu shiga ƙungiyar yara ta Dallas Texans, tafiyar kusan awa uku ce a mota zuwa Dallas, awa uku dawowa, kuma iyayen ne ke ɗaukar nauyin mai da kuɗin ƙungiya. Har akwai lokacin da aka dakatar da zuwansa saboda yayarsa Jennifer ta yi nisa a wasan tanis, kuɗin gida ba zai ɗauki su biyu ba. Bayan rasuwarta a 1995, tana shekara 16, ya koma.

Lokacin da ya gama sakandare a 2001, gasar MLS, wato babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ita kanta shekararta biyar da kafuwa, a 1996 aka fara ta, kuma ƙungiyoyinta ba su da makarantun renon yara irin na Turai. Sai wajen 2007 aka fara wannan da gaske. Yaro irin Dempsey, in ba jami'a ta ɗauke shi ba, ina zai je? Jami'ar Furman da ke Greenville a jihar South Carolina ta ba shi gurbi, ya buga mata kaka uku, 2001 zuwa 2003, a tsakiya yake wasa, ya ci ƙwallo 17 ya taimaka aka ci 19. Can masu farautar 'yan wasa suka gan shi.

Gunner_Ta_Kaduna:
Malam, ni abin da ban gane ba shi ne yadda ake fita daga jami'a a faɗa ƙungiyar ƙwararru. Sayensa suke yi daga makarantar?

Malam_Tamaula:
A'a Hajiya, ba ciniki. Duk shekara ana zaman zaɓe, ƙungiyoyi na ɗaukar 'yan wasa bi da bi, wadda ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa. A zaman 2004 New England Revolution ta ɗauki Dempsey a matsayin mutum na takwas. Bai ƙarasa shekarar ƙarshe ta karatu ba ya fita. A kakarsa ta farko aka ba shi kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa.

Zango_Kumasi:
Kun san wa aka fara zaɓa a wannan shekarar ta 2004? Freddy Adu, yaronmu haifaffen Tema, yana shekara 14. DC United ta ɗauke shi, jaridu suna cewa sabon Pele ya zo. Bai shiga jami'a ba, bai ɓata ko wata ɗaya ba. Ɗan Fagge, yau ina Adu, ina Dempsey? Adu ya zaga ƙungiyoyi fiye da goma, Fotugal, Faransa, Girka, Turkiyya, Brazil, har Finland, ba inda ya kafu. Wanda ya makara ɗin shi ya buga wa ƙasarsa wasa 141.

Ɗan_Fagge:
Mutum ɗaya ba hujja ba ne, Alhaji. Adu sauri aka yi masa. Ni ba cewa na yi a jefa yaro ɗan 14 cikin manya ba. Tsakanin shekara 18 da 21 nake magana, lokacin da ɗan ƙwallo ke nuna.

Abban_Ilham_Ohio:
Bari in sa baki tunda ina zaune a ƙasar, kuma ɗana yana buga wa ƙungiyar yara. Ɗan Fagge yana da gaskiya a wani ɓangare. Kakar ƙwallon jami'a gajeriya ce ƙwarai, ana farawa a ƙarshen Agusta, zuwa Nuwamba yawancin makarantu sun gama, masu zuwa wasan ƙarshe ne kaɗai ke kai Disamba. A cikin waɗannan watannin ana cusa wasanni, wani lokaci biyu a mako, sauran shekara kuma dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, ta taƙaita awannin atisaye. Ga dokar canji, a zamanin Dempsey ana iya fitar da ɗan wasa ya huta ya dawo, sai wasan ya koma na gudu da ƙarfi, koci ya yi ta zuba sababbin ƙafafu. Agogo ma ƙirgawa ƙasa yake yi, in ya kai sifiri an tashi ko ƙwallo na kan hanyar raga. Yaron da ya yi shekara uku a haka, sa'ansa na Ajax ya yi wata goma-goma yana atisaye kullum. Tazarar ba ƙarama ba ce.

Amma kafin jami'ar ma akwai wani shinge. A nan iyaye ne ke biya yaro ya buga ƙwallo mai kyau. Kuɗin rajista, riguna, man mota, otal in gasa ta kai ku wata jiha. Ranar Asabar da asuba za ka ga filin ajiye motoci ya cika da iyaye riƙe da kofin shayi da kujerun naɗewa, wasu sun kwana a hanya. A ƙungiyar ɗana akwai wani yaro, mahaifinsa aikin gini yake, wallahi ya fi su duka ƙafa, amma bana bai dawo ba saboda kuɗi. Shi ya sa labarin Dempsey ke taɓa mutane a nan.

Sarkin_Gardama:
To mu dawo kan Donovan da aka ce in jira. Bai yi jami'a ba, Bayer Leverkusen ta ɗauke shi tun 1999 yana yaro. Ƙwallo 57 ya ci wa Amurka, daidai da Dempsey, amma ya fi shi ba da ƙwallo a ci, sama da 50. Ƙwallo biyar a gasar cin kofin duniya, Dempsey huɗu. Wadda ya ci Aljeriya a mintin ƙarshe a 2010 ita ta tsallakar da Amurka zuwa zagaye na biyu. Me kuma ake nema?

Ɗan_Fagge:
57 a wasa 157 shi, Dempsey 57 a wasa 141. Kuma wa ke buga wa Amurka fenariti shekara da shekaru? Donovan. Sannan ka faɗa mana me ya yi a Turai. Leverkusen ya gudo gida, Bayern ya je aro ya dawo. Everton kaɗai ya ɗan taɓa abin kirki, shi ma aron 'yan watanni ne.

Malam_Tamaula:
Ɗan Fagge, ka lura kuwa da abin da ka yi yanzu? Wanda ya je Turai da wuri ka ce ya kasa zama, wanda ya bi ta jami'a ka ce shi ya jure. Da hannunka kake rushe maganarka ta farko.

Ɗan_Fagge:
Malam, juriya halin mutum ce, ba Furman ta koya masa ba.

Baffa_Cottage:
Ni dai raina Fulham ɗin da aka yi a sama ne ya sa na fito. Muna nan, magoya bayan Fulham, ko da a gidan kallo mu biyu ne. Dala miliyan huɗu aka biya a kansa a 2007, a lokacin ba a taɓa sayen ɗan wasan MLS da tsada haka ba. Ƙwallonsa ta farko a Firimiya ita ce wadda ya ci Liverpool a watan Mayu na shekarar, 1-0, kuma ita ta hana mu faɗawa ƙaramar gasa.

Amma daren da ba zan manta ba shi ne na Juventus, Maris 2010, a gasar Europa. Sun ci mu 3-1 a Turin, kuma wanda ya ci mana ɗayar Dickson Etuhu ne, haifaffen Kano, ga masu cewa ba ruwanmu da Fulham. Da aka dawo Landan, minti biyu da take wasa Trezeguet ya ƙara. Mai gidan kallo har ya ce zai canza tasha. Sai Zamora ya farke, aka ba Cannavaro jan kati, Gera ya ci biyu, jimilla ta zama 4-4. Roy Hodgson ya sako Dempsey daga benci. Minti na 82 ƙwallo ta same shi a bakin da'irar gola ta hannun dama, 'yan baya sun tare gabansa, kowa na jiran ya bayar. Ya ɗan ɗaga kai, ya sa ƙafa ƙarƙashinta ya lafta ta sama a hankali, ta wuce kan gola Chimenti ta faɗa can kusurwar nesa. Har yau ana musu ko kurosin ya yi niyya. Shi ya ce raga ya nufa, ni kuma na yarda da shi.

Mun kai wasan ƙarshe a Hamburg, Atletico Madrid ta ci mu 2-1, Forlan ya ci duka biyun, ta biyun saura minti huɗu a tafi fenariti. Dempsey ya shigo ya canji Zamora, ya zama ɗan Amurka na farko da ya buga wasan ƙarshe na babbar gasar Turai.

Red_Devil_Gombe:
Liverpool ɗin da kake alfahari da ita, Benitez 'yan benci ya zuba saboda yana tanadin wasan ƙarshe da AC Milan. A riƙa faɗin zance cikakke.

Baffa_Cottage:
Maki uku dai aka rubuta mana. Kai kuma tunda ka zo, wa ya ci ku ta uku a Old Trafford a Satumbar 2012? Tottenham 3, United 2, rabon Tottenham da nasara a filin tun 1989. Da kuka je White Hart Lane a Janairu cikin dusar ƙanƙara, wa ya farke muku ana dab da tashi?

Red_Devil_Gombe:
Kuma wa ya ɗaga kofi a ƙarshen kakar? Sai anjima.

Gunner_Ta_Kaduna:
Yaya Baffa, kakar 2011/12 fa? Ina tuna lokacin kowa na sa shi a ƙungiyarsa ta fantasi.

Baffa_Cottage:
Ita ce ƙololuwarsa, ƙanwata. Ƙwallo 17 a Firimiya, 23 a duka gasanni, kuma ba tsantsar ɗan gaba ba ne, daga gefe ko bayan mai cin ƙwallo yake tasowa. A Janairun 2012 ya ci Newcastle uku rigis, muka tashi 5-2, ɗan Amurka na farko da ya yi haka a Firimiya. Ƙwallo 50 ya bar mana a gasar. Rabuwar ce ba ta yi daɗi ba. Liverpool ta yi ta rawar ƙafa a kansa duk bazara, shi kuma ya nuna ƙarara yana son tafiya, kocinmu Martin Jol ya ajiye shi gefe, a ƙarshe Liverpool ta kasa biyan kuɗin, Tottenham ta ɗauke shi ranar rufe kasuwa.

Ɗan_Fagge:
Kun ga abin da nake faɗa? Ƙololuwarsa ta zo yana shekara 28 zuwa 29. Da babbar ƙungiya ta zo, ya riga ya doshi 30. Kaka ɗaya ya yi a Tottenham, ƙwallo bakwai a Firimiya, suka ƙare na biyar, bai taɓa buga Kofin Zakarun Turai ba har ya yi ritaya. Ku ja komai baya da shekara uku ku gani.

Zango_Kumasi:
Ku bar ni da shekarunsa, ni tambayata me muka yi wa bawan Allahn nan a Ghana? Sau uku a jere muna haɗuwa da Amurka a kofin duniya, sau ukun yana ciki. 2006 a Nuremberg, Haminu Draman ya ƙwace ƙwallo a ƙafar Reyna ya ci, Dempsey ya farke, Appiah ya ci fenariti kafin hutun rabin lokaci, muka wuce. Wannan ita ce ƙwallo ɗaya tak da ɗan Amurka ya ci a gasar, ɗayar ɗan Italiya ne ya ci gida. 2010 a Rustenburg, Kevin-Prince Boateng ya ci da wuri, Jonathan Mensah ya kwashe Dempsey a cikin da'ira, Donovan ya ci fenariti, Asamoah Gyan ya raba gardama a ƙarin lokaci.

Sai 2014 a Natal. Ƙarfe goma na dare a wajenmu, an fito da talabijin ƙofar gida, an jera benci, mai shayi yana kan zuba min madara. Ban karɓi kofin ba na ji unguwa ta yi tsit. Daƙiƙa talatin! Ya yanke John Boye kamar ba ya wurin, ya buga da hagu, ta daki turke ta shiga. Wasu ma ba su iso ba, suna zuwa suna tambaya ko maimaicin wani tsohon wasa ake nunawa. Daga baya Boye ɗin ya ɗaga ƙafa ya fasa masa hanci, jini na zuba, aka toshe ya ci gaba har aka tashi. Ayew ya farke mana minti na 82, muna cikin murna John Brooks ya sa kai a kwana. 2-1.

Malam_Tamaula:
Ƙarin bayani a kan 2010: wanda aka ƙwace wa ƙwallo a tsakiya har Boateng ya ci, Ricardo Clark ne, kuma tare suka yi Furman da Dempsey. Kocin Amurka Bob Bradley ya cire shi tun kafin a tafi hutu. Makaranta ɗaya, 'yan wasa biyu a zagaye na biyu na kofin duniya. Onyewu da ya jawo fenaritin 2006 shi ma ɗan jami'ar Clemson ne, iyayensa 'yan Najeriya.

Na_Damagaram:
Ba wanda ya ambaci 2009 a Afirka ta Kudu, kofin zakarun nahiyoyi. Ya ci Masar, ya ci Sifaniya a wasan kusa da na ƙarshe lokacin da suke riƙe da kofin Turai ba mai iya taɓa su, ya ci Brazil a wasan ƙarshe. Amurka na gaba da 2-0 a hutun rabin lokaci, Brazil ta dawo ta ci uku. Yana kuka aka ba shi kyautar ɗan wasa na uku mafi kyau a gasar.

Sarkin_Gardama:
Ta Ingila a 2010 dai kada wanda ya lissafa masa. Golan Ingila Robert Green ne ya ci kansa.

Na_Damagaram:
Sai da ya juya Gerrard sau biyu kafin ya buga. Wanda bai buga ba gola ba ya yi masa kuskure.

Oba_Goal_Jos:
Ni a Seattle na san shi, saboda Obafemi Martins. Dempsey ya koma gida a Agustan 2013, ya tarar da Martins ya zo daga Levante. A 2014 su biyun sun addabi MLS, Martins 17, Dempsey 15, suka ƙare a saman tebur suka kuma ci kofin ƙalubale na ƙasar. Ba-ni-in-ba-ka suke yi a tsakiyar 'yan baya kamar 'yan unguwa ɗaya. Amma mutumin akwai zuciya. A 2015 a wasa da Portland ya karɓe littafin alƙalin wasa ya yayyaga a gabansa. An dakatar da shi, kocin Amurka Klinsmann kuma ya karɓe kyaftin ya ba Michael Bradley.

Gunner_Ta_Kaduna:
Ikon Allah. Ashe ɗan jami'ar ma yana yaga littafi.

Oba_Goal_Jos:
Hajiya kin kashe ni da dariya. Abin tausayin shi ne 2016, likitoci suka gano bugun zuciyarsa ba daidai yake ba, aka ajiye shi tun Agusta, Seattle ta ci kofin MLS ɗinta na farko yana kallo daga waje. Ya dawo a 2017, ya ci Honduras uku a wasan neman gurbi, ya kamo Donovan a ƙwallo 57 da bugun tazara a kan Costa Rica.

Abban_Ilham_Ohio:
Kuma da ya wuce shi. Oktoban 2017 a Trinidad, canjaras kawai Amurka ke nema ta je Rasha. Suna baya da 2-1, Dempsey ya buga wata ta daki turke ta fita. Da ta shiga, ga ƙwallo ta 58, ga tikitin kofin duniya na huɗu. A Agustan 2018 ya ajiye takalmi.

Matashi_07:
Yayyena, ni tambayata daban ce. Ina buga wa wata ƙungiya a unguwarmu, wani ya ce zai samar min gurbin ƙwallo a jami'ar Amurka in na biya kuɗin fom da na biza. Hanyar nan gaskiya ce?

Abban_Ilham_Ohio:
Ƙanena, hanyar akwai ta, amma riƙe kuɗinka. Kocin makaranta ne ke ba da gurbi, kuma sai ya ga bidiyon wasanka da sakamakon jarrabawarka, makaranta ta ba ka takardar shiga, sannan a yi zancen biza. Ka ce wa mutumin ya ba ka sunan makarantar da na kocin, ka nemi adireshin imel ɗinsu a shafin makarantar da kanka ka tambaya. Ɗan yayata haka wani ya karɓe masa kuɗi, daga baya wayar ta daina shiga.

Zango_Kumasi:
A wajenmu makarantar Right to Dream ta tura yara da yawa ta wannan hanyar. Abu Danladi daga Takoradi ya yi jami'ar UCLA, shi aka fara zaɓa a 2017, Minnesota United ta ɗauke shi. Amma fa ita makarantar ta kuma fitar da Mohammed Kudus, shi Denmark aka kai shi a 2018, daga nan Ajax. Wanda suka ga ya fi ƙafa, ba jami'a suke tura shi ba.

Ɗan_Fagge:
Alhaji, Allah ya saka da alheri, ka dawo layina da kanka.

Malam_Tamaula:
Ya dawo layinka a zancen yau, ba a zancen 2001 ba. Pulisic ya tafi Dortmund yana 16 ne saboda yana da fasfon Kuroshiya ta wajen kakansa, in ba haka ba dokar FIFA sai ya cika 18. Dempsey ba shi da wannan, kuma a lokacin Ingila ba ta ba ɗan wata nahiya izinin aiki sai yana buga wa ƙasarsa a kai a kai. Wato sai da ya shiga tawagar Amurka, ya je Jamus a 2006, sannan ƙofar Fulham ta buɗe. In akwai shekarun da za ka ce an riƙe shi, ka duba ukun da ya yi a New England yana neman tafiya, ba ukun Furman ba.

Sarkin_Gardama:
Duk kun gama, har yanzu ba wanda ya nuna min inda ya fi Pulisic.

Baffa_Cottage:
Pulisic ya ci wa ƙasarsa 57 tukuna, sai mu zauna.

Gunner_Ta_Kaduna:
Ni kuma ina jiran ranar da za a buɗe zancen matan Amurka, masu kofin duniya huɗu, kusan dukkansu ta jami'a suka bi. Ɗan Fagge, su ma ɓata lokaci suka yi?

Ɗan_Fagge:
Hajiya wannan wani zauren ne, ki buɗe shi zan zo. Matashi_07, kada ka tura wa mutumin nan ko sisi sai kocin ya amsa maka.